Sankarar jini da ƙwayar da nake sha kullum

Abin ya faro ne da saurin ƙoshi. Loma kaɗan sai in ji ciki ya cika dam, ga nauyi a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ga zufar dare har sai uwargida ta sake zanin gado. Wanduna suka fara yi mini yawa. Kamar kowa, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, na bi da na taifod, mai kemis ya ƙara mini da na gyambon ciki. Hajiyarmu ta ce saifa ce, a kira wanzami ya yi tsaga a kai. Saifar kam ita ce, don har tana taɓuwa da hannu wajen cibiya, amma abin da ya kumbura ta yana can cikin ƙashi inda aska ba ta kaiwa.

A babban asibitin garinmu aka ɗebi jinina. Yaron ɗakin gwaji sai da ya maimaita gwajin, yana zaton injinsa ne ya rikice. Fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikirolita, nawa kuwa sun haura 100,000 nesa ba kusa ba. A ranar aka ba ni takarda zuwa asibitin koyarwa, sashen cututtukan jini.

Likitar da ta gan ni a can ta shafa jinin a gilashi ta duba, ta dawo ta ce alamu sun nuna sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali wadda suke taƙaita sunanta da CML. Ta ce, "Malam, kada jin sunan ya karya maka zuciya. Amma ba zan yi maka alkawarin komai ba sai mun nemi abu guda a cikin ɓargonka. In yana nan, akwai maganin da aka ƙera musamman dominsa." Da ta ji cewa ilimin halittu nake koyarwa a sakandare sai ta jawo takarda ta shiga zane, kuma tun daga ranar ba ta taɓa ba ni magani ba tare da ta faɗa mini abin da yake kamawa a jiki ba. Kusan kowane ɗaya, amsar ita ce wani enzayim, wato irin furotin ɗin nan da ke gudanar da aiki a cikin ƙwayar halitta, wanda nake ba ɗalibaina misalinsa da yawu, yadda yake mai da sitacin gurasa zaƙi in ta daɗe a baki.

Na farko shi ne haidiroksiyuriya. Iyayen masu sikila sun san shi, don shi ne dai ake ba 'ya'yansu, ko da yake dalilin daban ne. Aikinsa a wurina shi ne toshe wani enzayim mai suna raibonukiliyotayid ridaktes, wanda ke samar da kayan da ake haɗa DNA da su, wato kundin umarnin gado da ke cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar da za ta rabu biyu dole ta kwafi DNA ɗinta, in babu kayan kwafi sai ta tsaya. Tunda ƙwayoyin sankara sun fi kowa gaggawar rabuwa, su suka fi jin jiki. Sai dai wannan enzayim kowace ƙwaya mai rabuwa tana da shi, ta lafiya da ta cuta, shi ya sa ake auna jini a kai a kai kada maganin ya kwashe har da jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. Mafi yawan tsofaffin magungunan sankara haka suke. Metotireset, ɗan'uwan maganin da Sidney Farber ya fara gwadawa kan yara masu sankarar jini a Boston a ƙarshen shekarun 1940, enzayim ɗin da ke sarrafa sinadarin folik yake toshewa, kuma don bai bambanta ba ne mai shansa kan yi gyambon baki da zubar gashi.

Aka haɗa mini da alofurinol da umarnin in riƙa shan ruwa kamar ba gobe. Idan ƙwayoyi masu yawa suka mutu lokaci guda, gawarsu kan koma gishirin yurik ya taru a ƙoda, shi kuma alofurinol yana riƙe enzayim ɗin da ke yin wannan gishiri. Cikin 'yan makonni lissafin jinin ya sauko, saifa ta ɗan ja baya, na soma cin tuwo. 'Yan'uwa suka fara yi mini barka. Likita ta ce in karɓi barkar amma in sani an rage yawan ƙwayoyin ne kawai, cutar tana nan yadda take. In aka tsaya a nan, yawanci bayan shekara uku zuwa biyar takan rikiɗe ta koma mai gaggawa, kuma a wannan mataki magani kan yi wuya ƙwarai.

Ɗibar ɓargo ita ce abin da na fi fargaba, kuma ba zan ce wa kowa ba ta da zafi ba. Ka kwanta a gefe, ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a goge bayan ƙugu da ruwan magani mai sanyi. Allurar kashe zafi tana kashe fata da saman ƙashi, saboda haka lokacin da likita ke murza babbar allurar nauyi kawai nake ji, da ƙarar da ke bi ta cikin ƙashi har haƙora. Zafin yana zuwa ne sa'ad da aka ja sirinji. Wani irin ja ne daga ciki, ya sauka har ƙafa, daƙiƙa kaɗan ya wuce. Nas ɗin da ke riƙe da kafaɗata ta ce, "Sannu Baba, an gama, yi salati." Na duba na ga abin da aka ciro, jini ne mai kauri da 'yan gutsattsari kamar tsaki. Da yamma na koma gida da ƙafata.

Abin da ake nema a ciki shi ne kuromosom ɗin Filadelfiya. Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana da kuromosom 46, wato ƙullin DNA, an jera su biyu-biyu an ba su lamba. A 1960, Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura cewa masu wannan cuta suna da wani guntun kuromosom da ya fi ƙa'ida ƙanƙanta. Sai a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano cewa ba guntulewa ya yi ba kawai, musaya aka yi: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, kowanne ya ɗauki wutsiyar ɗan'uwansa. A daidai mahaɗar, umarnin gado biyu da ba su da dangantaka, BCR daga na 22 da ABL daga na 9, suka manne suka zama ɗaya mai suna BCR-ABL, suna fitar da wani enzayim da babu shi a jikin mai lafiya.

A nan na fi daɗewa da takardar likita, don a nan maganar take. ABL na asali enzayim ne daga dangin da ake kira tayirosin kayines. Yana ɗauko fosfet daga ATP, sinadarin da ƙwaya ke ajiye ƙarfinta a ciki, ya liƙa wa wasu furotin, wannan liƙi kuwa saƙo ne: ki rabu, kada ki mutu. Ka ɗauke shi kamar magatakarda mai buga hatimi, wanda ba ya bugawa sai an kawo takarda daga sama, in ya buga ya rufe ofis. A kan ABL akwai wani ɓangare da ke rufe shi idan ya gama aiki, kuma shi ne ainihin ɓangaren da musayar ta yanke ta maye gurbinsa da BCR. Sai magatakarda ya zauna dare da rana yana buga hatimi a kan duk takardar da ta gifta, ɓargo yana ta zubo fararen ƙwayoyi, saifa tana ta tara su. Maganin da ake kira imatinib an ƙera shi ne ya shige ramin da ATP ke zama ya cika shi, kamar a ce an toshe wa magatakarda kwalbar tawada. Hatimi na hannunsa, amma ba ya barin alama. Ƙwayoyin da rayuwarsu ta dogara da wannan saƙo sai su mutu, na lafiya su ci gaba da harkarsu.

Uwargida da ta ji ana maganar gado, tambayarta ɗaya ce: "To Likita, yaran fa?" Likita ta ce musayar ta faru ne a cikin ƙwaya guda a ɓargona bayan an haife ni, ban gada ba, ba zan gadar ba, kuma ba a ɗauka ta kwano ko ta shimfiɗa. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Sakamako ya fito, Filadelfiya na nan. Ban taɓa jin inda ake yi wa mutum murna don an sami aibi a jininsa ba sai a wannan ɗaki.

Saura samun maganin. Masana a kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan, cikinsu har da Nicholas Lydon, su suka haɗa shi, Brian Druker na Oregon kuma ya nace sai an gwada shi a kan mutane. An fara gwajin a 1998, kuma cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye, 53 jininsu ya daidaita. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2001, kamfanin Novartis, magajin Ciba-Geigy, ya fitar da shi da sunan Glivec. Da aka bi sawun waɗanda suka fara da shi har shekara goma, kimanin 83 cikin 100 suna raye. Kuɗinsa kuwa a Amurka sai da ya haura dala 100,000 a shekara. Ko da kotun ƙolin Indiya ta hana Novartis haƙƙin mallakarsa a can a 2013, kamfanonin ƙasar suka ci gaba da yin nasu mai rahusa, albashin malamin makaranta ba zai ɗauki sayen magani na har abada ba. Abin da ya cece mu shi ne shirin bayar da shi kyauta da kamfanin ya yi tare da gidauniyar Max da ke Siyatil, wanda a Najeriya aka buɗe cibiyarsa a 2003 a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Sharaɗin shiga shi ne takardar da ta tabbatar kana da Filadelfiya ko BCR-ABL, kuma wannan gwaji daga aljihunka yake fita. Ƙanena ya sayar da tumakinsa, abokan aiki suka yi karo-karo.

Tafiyar doguwa ce. Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Okene, Akure, sannan Ife, mutum ya isa ƙafafu sun kumbura. A Sabo muka sauka wurin 'yan'uwa Hausawa, da asuba muka kama layi. A kan bencin nan na ga Najeriya gaba ɗaya: Bayarabiya mai sayar da atamfa, ɗalibi daga Fatakwal, wani dattijo Babarbare da jikansa ke yi masa tafinta, da Bafulatanin da ya ɗaga riga ya nuna mini tabon tsaga jere a kan saifarsa muka yi dariya tare. Akwai kuma waɗanda cutarsu ba ta jini ba ce, wani ƙari ne na ciki da ake kira GIST, amma ƙwaya ɗaya muke karɓa, domin enzayim ɗin da ya lalace a wurinsu, KIT, ɗan dangin nawa ne, raminsu ya yi kama. Aka duba takarduna, aka auna ni, aka yi mini rajista, aka miƙo mini kwalaye na 'yan watanni tare da ranar dawowa. Miligiram 400 sau ɗaya a rana, bayan an ci abinci sosai, da babban kofin ruwa.

Wannan kamar da ke tsakanin ABL da KIT ta biyo ni har gida. Ƙwayoyin da ke ba fata launi da KIT suke aiki, saboda haka bayan wasu watanni na fara haske. A wurin baƙar fata abin ba ya ɓoyuwa. Wata malama a ɗakin malamai ta dube ni ta ce, "Malam, ko dai an fara shafe-shafe ne?" Wasu kuwa cewa suke hutu ya karɓe ni. Ban da haske akwai kumburin fatar ido da safe, har sai hantsi yake saɓewa, da tashin zuciya in na kuskura na sha a kan shayi kawai, da ɗaurewar ƙwauri cikin dare wadda kan sa in miƙe tsaye ina dafa bango. Gashina bai zube ba, ban kwanta asibiti ba, ban bar aji ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai shan ƙarin ruwan sankara ya san bambancin ba kaɗan ba ne. Da azumi ya zo na tambayi likita, ta duba gwaje-gwajena ta ce in mayar da shi bayan buɗa baki idan na ci mai nauyi, in kuma cika ruwa kafin sahur.

Rigimar da muka fi sha a gida ta saiwoyi ce. Duk wanda ya zo dubiya da ƙullinsa. Likita ta ce addu'a da zamzam ba ta da ta cewa, amma jiƙo da garin da ba a san abin da ke ciki ba in bar su. Hujjarta ma enzayim ce: a hanta akwai wani mai suna CYP3A4 da ke narkar da imatinib, wasu abubuwa kan zaburar da shi ya cinye maganin kafin ya yi aiki, wasu kan danne shi maganin ya taru ya yi yawa. Rifamfisin na tarin fuka yana cikin masu zaburarwa, shi ya sa ko wane asibiti na je da wata lalura sai na fara faɗin abin da nake sha. Na ce wa Hajiya, "Hajiya, ki bar mini addu'ar, ita ce taki." Ta karɓa, ba da son ranta ba.

Bayan jini ya daidaita, lissafin fararen ƙwayoyi ba ya ƙara gaya maka komai. Ma'aunin gaskiya shi ne gwajin PCR, wanda ke ƙirga yawan saƙon BCR-ABL da ya rage a jini. Abin da likitoci ke so shi ne ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata uku, kashi 1 a wata shida, kashi 0.1 a shekara. Wani abin sha'awa, injin GeneXpert ɗin nan da ake gwada majinar masu tarin fuka da shi yana iya wannan gwaji in an sami kwanson da ya dace. Nawa ya cika ma'aunin farko, ya yi ɗan jinkiri a na uku, daga baya ya sauka. Kowane gwaji sai na yi tanadin kuɗinsa tun da wuri, kuma a ganina nan ne gibin yake: an ba mutum magani mai tsadar gaske kyauta, amma abin da zai nuna ko yana aiki ya fi ƙarfin mafi yawan waɗanda ke kan bencin.

A kan bencin ne kuma na ga hanyoyi biyu da maganin ke kuɓuce wa mutum. Wani ɗan kasuwa da muke haɗuwa ya ji garau, ga kuɗin mota, ga kasuwa, sai ya riƙa tsallake kwanaki don kwalin ya daɗe, daga baya ya daina zuwa. Da aka dawo da shi cutar ta rikiɗe. Allah ya jiƙansa. Imatinib riƙe enzayim yake yi, ba ya gyara kuromosom, kuma akwai iyayen ƙwayoyin cutar da ke kwance a ɓargo ba sa rabuwa, maganin ba ya kashe su. Ranar da aka saki, su ne ke farfaɗowa.

Ɗayar kuwa wata baiwar Allah ce da ba ta taɓa fashin ko kwana ɗaya ba, amma PCR ɗinta ya juya yana hawa. Ita enzayim ɗin ne ya sake canzawa. Cikin miliyoyin ƙwayoyi, wata takan yi kuskuren kwafi da zai sauya siffar ramin, maganin ya kasa zama, ita kuma ta hayayyafa tunda an share mata fili. Mafi shahara shi ne T315I, inda aka musanya tubali ɗaya tak, na 315 a jerin furotin ɗin, aka sa mai ɗan girma a madadinsa, ya tare hanya. Saboda irin wannan aka ƙera dasatinib da ya fito a 2006 da nilotinib a 2007, masu kama yawancin sauye-sauyen amma ban da T315I, sai fonatinib a 2012 da aka yi dominsa, sannan asiminib a 2021 wanda ya bar ramin ATP gaba ɗaya ya je ya kama wani lungu dabam, wurin da marufin asali yake zama. Ita baiwar Allahn nan an canza mata zuwa ɗaya daga cikin na biyun farko, kuma ganina da ita na ƙarshe ta yi ƙiba.

Ni yanzu tambayar da nake yawan yi ita ce ko akwai ranar dainawa. Akwai waɗanda suka daina. A wani gwaji da aka yi a Faransa aka buga a 2010, an dakatar da maganin ga mutanen da PCR ya daɗe bai ga komai a jininsu ba, kimanin 40 cikin 100 suka zauna lafiya, sauran cutar ta dawo musu, galibi cikin wata shida na farko, kuma da aka mayar da su kan magani ya sake kamawa. Likita ta lissafa mini sharuɗɗan: shekaru aƙalla uku a kan magani, an fi son biyar, sakamako ya kai 0.01 ko ƙasa ya zauna a nan shekara biyu; sannan bayan dainawa a yi PCR kowane wata a farkon lamarin, ba fashi. Na biyun ban kai ba tukuna. Na ukun kuwa na zauna da biro na lissafa kuɗin gwajin wata-wata da na mota, na ga ya fi ƙarfina. Na ce mata, "Likita, a bar ni da ƙwayata tukuna." Ta rubuta mini ranar gwaji na gaba.